Ranar da Ungo Ta Yi Rowa

Sunanta na gaskiya yana nan rubuce a katin asibiti, amma ko mijinta sai ya ɗan yi tunani kafin ya tuno shi. Kowa Ungo yake ce mata, kuma ba sharri aka yi mata ba. An ce kalmar da ta fara fita daga bakinta ke nan. Sauran jarirai da "Mama" suke buɗe baki, ita kuwa wai zaro abin da take tsotsa ta yi, jage-jage da yawu, ta miƙa wa wani baƙo da ya shigo gaisuwa, ta ce, "Ungo!"

Girma bai rage komai ba, sai ma abin da ya ƙaru. Tana firamare ta taɓa dawowa gida da takalmi ƙafa ɗaya, tana ɗingishi tana murmushi. Da aka tambaye ta ina ɗayan, ta ce wata yarinya ce ta taka ƙusa. Aka ce to me ya hana ki ba ta duka biyun ki huta? Ta ce ai ƙafa ɗaya ce ke yi mata ciwo.

Mijinta direban bas ne, mutum mai son ya sami abinsa inda ya ajiye shi. A shekarar farko ta aurensu ya rasa rediyo, ya rasa agogon bango, ya rasa huluna, laima kuwa ya daina saye don ya gane wa makwabta yake saya wa. Ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi fushi. Duk ranar da ya yi fushi sai ta lallashe shi da kyauta, in ya duba da kyau ya ga abinsa ne da ya manta da shi. Daga ƙarshe ya sa aka ƙera masa akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ya zuba abin da ya rage masa a duniya, makullin kuma ba ya rabuwa da aljihunsa. Yakan ce wa abokansa, "Tsorona ɗaya, wata rana in dawo in tarar an kyautar da ni. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne ban ga mai karɓa ba."

Ɗinkin labule da rigunan filo take yi, a wani ƙaramin shago da ke tsakiyar layin shaguna. Hagunta mai aski ne, damanta wata mai sayar da robobi, kuma dukansu biyun ba wanda ya sayi allura ko zare tun da ta tare a wurin. Hannunta yana da kyau, aiki ba ya yanke mata, shi ya sa ma shagon bai kwanta ba. Abin da ya shigo da safe yakan fita da yamma, ita kuwa ranta fes.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta duk faɗin duniya, wato yayanta, mai walda da ke can ƙarshen layi. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya ƙera mata ƙofar shago da teburin keken ɗinki, shi kuma ya ƙera wa mijinta akwatin nan don tausayi. Amma bai taɓa buɗe baki ya ce mata "ba ni" ba. In ta aika masa da labule, ya dawo da shi a ninke ya ce tagarsa ba ta jin kunya. In rigarsa ta yage, wajen wani tela yake kai ta a ɓoye. Wannan abu yana ci mata rai ƙwarai. Babu burin da ya daɗe a zuciyarta kamar ta wayi gari ta ji Yaya yana neman wani abu a hannunta, ko da tsinken sakace ne.

Ana nan sai idonta na hagu ya yi ja. Da fari ta ɗauka apolo ne, ta ci gaba da taka kekenta. Amma wannan ba ya kwantsa, ba ya ƙaiƙayi, wani ciwo ne can ciki mai nauyi, haske kuma ya zama abokin gabarta. Ko hasken waya ta kalla sai hawaye. Ranar da ta yi ta cusa zare yana wuce kafar allura har mai robobi ta zo ta karɓa ta sa mata, ranar ce ta tsorata. Washegari mijin ya ajiye mota ya kai ta asibitin ido.

Likitar matashiya ce, mai magana da sauri. Ta sa Ungo ta ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta haska idon, ta daɗe tana leƙe, sannan ta auna ƙarfin idon da wani ɗan abu.

"Mama, kumburi ne a cikin idon, ba a waje ba. Zan ba ki maganin ɗigawa mai ƙarfi, irin wanda ake kira sitiroyid. Yana aiki sosai, amma yana da dokoki. Kina jina?"

"Ina jinki, 'yata."

"Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi. Ki girgiza kwalbar sosai, don maganin yana kwantawa a ƙasa. Kar bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido. In idon ya yi fari kika ji garau, kar ki daina da kanki, ni zan riƙa rage miki a hankali. Saukowa daga bene ne, ba a yin tsalle. Kuma ki dawo duk ranar da na sa miki, don a wasu mutane yana jawo hawan jinin ido ba tare da sun ji komai ba, sai awo ke nunawa."

Ungo tana ta gyaɗa kai, duk wannan mai sauƙi ne.

"Sai ta ƙarshe, kuma ta fi duka. Kar ki ba kowa. Ko ɗigo ɗaya."

Mijin, da ke tsaye a bayanta riƙe da jakarta, ya yi wani irin sauti kamar ya ƙware. Ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa, abin ya ƙi tsayawa, sai da ya fita waje. Daga cikin ɗakin ana jiyo shi yana ƙyaƙyatawa har da buga bango.

"Lafiyarsa kuwa?" in ji likita.

"Ƙyale shi, haka yake. Amma 'yata, in mutum ya zo idonsa ja kamar nawa, yana shan wahala, ga magani a hannuna…"

Likita ta ajiye biro ta juyo gaba ɗaya. "Mama, jan ido ba iri ɗaya ba ne. Jiki yana da masu gadi. A naki idon masu gadin ne suka rikice suna ta dukan gidan da suke gadi, maganin nan kuma ce musu yake yi su kwanta su huta. Idon wani kuwa, wataƙila ɓarawo ne na gaske ya shiga, ƙwayar cuta ko rauni. In kika kwantar da masu gadinsa, jan zai tafi, ciwon ya lafa, ya yi ta sa miki albarka, cutar kuma tana can tana cin idon. Na ga waɗanda suka rasa ido ta haka. Musamman idon da wani abu ya faɗa ko ya karce, kar ya kusance shi."

Ungo ta karɓi kwalbar da hannu biyu. Ƙaramar aba ce, ba ta kai babban yatsa ba, in an girgiza ta ruwan ciki ya yi fari fat. Sunan da likita ta faɗa kuwa ya ƙi zama a bakinta, tun a hanya ta yi ta juya shi yana zamewa, kafin su isa gida ta raɗa masa madarar ido.

Maganin ya yi aiki kamar da wasa. Cikin 'yan kwanaki ciwon ya sauka, jan ya washe, ta buɗe taga ta kalli rana ido cikin ido kamar mai neman faɗa. Ranar da ta koma shago ta ɗauki allura, ta lashi bakin zare, ta cusa, ya shige tashi ɗaya. Ihun da ta yi sai da mai aski ya kusa yanke kunnen wani. Ta fito tsakiyar layi da allurar a sama, zaren yana reto, tana juyi tana nuna wa masu wucewa. Ta karanta allon shagon da ke tsallake da ƙarfi, ta karanta lambar wata mota, ta gaya wa mai robobi cewa akwai tsaga a jikin wani bokitinta tun daga nesa. Murna kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha.

To likita ta hana ta bayar da magani, amma ta manta ba ta hana ta bayar da labari ba. Kafin rana ta yi tsaka babu wanda bai san akwai madarar ido a shagon Ungo ba. Kuma ka san mutane da abin da aka ce madara ne. Kafin yamma layi ya cika da masu jan ido, da masu ƙaiƙayin ido, da waɗanda lafiyarsu ƙalau amma suna son su ɗiga don kar ya same su.

Ta farko wata makwabciya ce mai goyo. "Ungo, ki taimaka mini da ɗigo ɗaya, idon nan tun jiya."

Ungo ta buɗe baki za ta ce a'a. Kalmar ba ta san hanyar fita ba. Leɓɓanta suka tattaru da kansu za su yi abin da suka saba, hannunta har ya kama hanyar aljihu. Da ƙyar ta karkatar da shi, ya faɗa kan abin da ke kusa.

"Ungo rigar filo!"

"Rigar filo kuma? Ido na ce miki."

"Na ji. Ki je asibitin ido a duba ki, in kin dawo ki kwanta a kan wannan. Maganin nawa ne ni kaɗai, likita ta ce naki daban ne."

Matar ta juya rigar filon, ta ga aikin da ke bakinta, ta tafi da ita. Shi ke nan Ungo ta sami dabara. Duk wanda ya zo neman madara sai ya tafi da wani abu, tare da kwatancen asibiti. Rigunan filo suka ƙare, aka koma kan labule, aka gangaro kan mayafin tebur, wani tsoho ma da kujerar zaman baƙi ya tafi.

Mutanen layi kuwa ba wawaye ba ne. Mai robobi ta kawo surukarta, ta kawo ƙanwar surukarta. Mai aski ya shigo wata safiya ido jawur yana ƙifce-ƙifce, yana nishi kamar zai faɗi, idon lafiyayyen kuma yana kan wani labule ruwan toka. Ungo ta matso ta shinshina.

"Kai, wannan ciwon naka ƙamshin sabulu yake yi."

"Sabon salo ne, Anti, haka yake zuwa yanzu."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ba shi labulen don ƙoƙarin da ya yi.

Wata rana mijin ya dawo aiki ya zauna zai ci abinci, ya ɗaga kai, sai ga makwabcinsu daga can tagarsa yana ɗaga masa hannu yana ce masa a ci lafiya. Ya waiga hagu, ya waiga dama. Duk tagogin falon tsirara suke.

"Ina labulenmu?"

"Wani ne idonsa…"

"Na shiga uku. Da da kike kyauta muna da labule. Yanzu da kika fara rowa ne aka yashe mu! Don Allah ki daina rowar nan kafin a ɗauke rufin ɗaki."

Ita kam ko a jikinta. Ta ciro kwalbar ta ɗaga masa ita a haske, bakinta har kunne. Babu ɗigo ɗaya da ya faɗa idon da ba nata ba. Tana wanke hannu, tana girgizawa har da 'yar rawa, tana ɗigawa a kan lokaci, ranar awo ta riga masu shara isa asibiti. Da idon ya yi fari tas zuciyarta ta raya mata ta tsaya haka nan, ta tuna maganar bene, ta ci gaba har likita ta fara rage mata da kanta. A ganinta ta gama ƙwarewa a rowa, har tana tunanin ashe abin ba wuya.

Ran nan da rana tana kan keke tana ɗinke bakin wani labule, inuwa ta rufe ƙofar shagon. Ta ɗaga kai. Yaya ne, da rigar aikinsa mai ƙananan hujojin tartsatsi, ya dafe idonsa na dama da hankici, hawaye yana bin gefen hancinsa yana shiga gashin baki. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya yarda yana yi.

"Yaya! Me ya same ka?"

"Ba komai. Ƙarfe nake gogewa kwanaki, wani ɗan ɓurɓushi ya faɗa. Na cire shi da bakin hankici. Kawai dai ya hana ni barci ne." Ya kalli ƙasa, ya kalli bango, ya gyara murya kamar mai shirin ɗaga buhu. "Ungo, madarar nan taki da ake ta magana. Ba ni ɗigo ɗaya."

Wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa har tsakar kai. Shekara da shekaru tana jiran kalmar nan, ga ta yau ta shigo da ƙafarta har cikin shago. Ba ta san lokacin da ta ture kujera ba, ba ta san lokacin da ta ciro kwalbar ba. Ta zaunar da shi, ta girgiza, ta murɗe murfi.

"Ɗaga kanka, Yaya. Cire hankicin."

Ya cire. Ta ja fatar idon ƙasa da yatsa, ta sunkuya. Da idonta bai warke ba da ba za ta gani ba. A kan baƙin idon, ɗan gefe kaɗan, akwai wani ɗan tabo fari-fari kamar kan allura, da wani ɗigon tsatsa a tsakiyarsa. Kwalbar tana kife a saman idon, ɗigon har ya taru a bakinta ya yi nauyi. Ungo ta janye hannu da sauri, ɗigon ya faɗi a kan siminti.

Ta mayar da murfin. Ta sa kwalbar a aljihu, ta dafe aljihun.

"A'a, Yaya."

Injin mai aski ya tsaya cak a shagon kusa. Mai robobi, da ta leƙo kallo, ta kama baki.

"Me kika ce?"

"Ba zan ba ka ba. Idonka rauni ne da shi, maganin nan zai cuce ka, likita ta ce…" Hannunta ya shiga lalube da kansa, ya kamo wata rigar filo da ta ɗinka da safe, ta miƙa masa ita. Tun kafin hannun ya gama miƙewa ta ji kunya ta rufe ta.

Yaya ya dubi rigar filon da idonsa ɗaya. Ya miƙe a hankali, ya mayar da hankicin.

"Duk garin nan babu wanda bai ci arzikinki ba. Ashe rowar taki ni kika ajiye wa."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya fita, ta bi bayansa da kallo har ya shige rumfarsa, sannan ta kifa kai a kan keke ta fashe da kuka, kuka na gaske mai majina, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta san halinsa. Ya tambaya sau ɗaya an hana shi, ba zai sake ba har ya koma ga Allah.

Mai aski ya shigo yana sosa ƙeya. "Anti, ki yi haƙuri, ai abin ya zo da sauƙi. Da zai wuce ya tambaye ni sunan maganin, na ce ya je kemis ya ce farin nan da ake girgizawa, wani ma zai ba shi ba tare da takarda ba."

Ta ɗago kai. Kallon da ta yi masa ya sa ya koma shagonsa da baya-baya.

Ko shagon ba ta rufe ba. Ta tarar da Yaya ya juya wa haske baya, yana wanke hannu a bokiti, ya riga ya canza riga, da gani kemis ɗin ya nufa. Ta tsaya a bakin rumfar tana haki, tsakanin wata ƙofar ƙarfe da ba a gama ba da tulin rodi. Lallashi ba zai yi ba, ta sani, bayanin likita kuma zai ce surutun 'yan boko ne. Ba ta da abin da za ta ba shi. Sai kawai ta ji wata magana ta taso mata, baƙuwa, wadda harshenta bai taɓa ɗauka ba.

"Yaya. B… ba ni."

Ya juyo, ruwa yana ɗiga daga hannunsa. "Me?"

"Ba ni, na ce."

"In ba ki me?"

"Idon."

"Ke, kanki ɗaya kuwa?"

"Aro nake so. Zuwa yamma in dawo maka da shi. Tun da aka haife ni na taɓa roƙon ka wani abu? To yau na roƙa. Ara mini idon nan."

"Ana cire ido ne a ba da aro?"

"To ka biyo shi!"

Ya duba fuskarta, ido ya kumbura da kuka, hanci ja, ta miƙo tafin hannu a buɗe kamar da gaske a ciki zai sa mata. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne ciwon kyautar nan na gado ne. Yaya ma bai iya hanawa ba, shi dai nasa ba a cika gani ba ne don ba ya surutu. Ya yi tsaki, ya yi ƙwafa, ya ɗauki hularsa.

"Zuwa yamma fa kika ce."

Ta kira mijinta a waya. Bai tsaya tambaya ba, ya karyo kan bas da ragowar fasinjoji a ciki, suna ta ƙorafi ba nan ce hanyarsu ba. Ungo ta juyo ta ba su labarin tun daga farko, kafin a isa asibiti wata tsohuwa tana share hawaye, wani kuma yana yi wa direba faɗa ya ƙara wuta.

Likita ta ɗiga wa Yaya wani ruwa mai launin rawaya, ta haska shuɗiyar fitila, ta leƙa.

"Baba, ƙarfen yana nan, bai fita ba. Wurin kuma ya fara gyambo. Ka sa wani magani?"

"Ina fa na samu!" in ji Yaya, da muryar mai kai ƙara. "Ga ta nan tsaye. Maganin yana aljihunta yanzu haka, ta hana ni. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, likita."

Likita ta ɗago daga na'urar ta dubi Ungo, ta dubi aljihun da take dafe da shi har yanzu.

"Baba, da ta ba ka, da yau ka yi barci mai daɗi. Gobe ma haka. Sai ka zo mini bayan gyambon ya ci rami, lokacin da ba lallai in iya yin komai ba. Yanzu kam akwai abin yi."

Ta kashe masa zafin idon, ta cire ɓurɓushin, ta rubuta masa nasa maganin, mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda za a riƙa ɗigawa a kai a kai, ta ce gobe ma tana son ganinsa. Tun da Ungo ta kawo kanta, ita ma aka auna ta, aka ga jinin idonta ya ɗan hau kaɗan, likita ta gyara mata yadda za ta ƙarasa sauka ta ce ba abin tsoro ba ne tunda an gani da wuri.

A barandar asibitin Ungo ta kasa tafiya kamar mutane. Ta gaishe da mai gadi sau biyu, ta rungumi wata nas da ba ta sani ba, ta yi juyi a gaban masu jiran layi. Idonta ya shiga neman abin da za ta kai wa likita, ya sauka a kan mijinta. Ya kama hularsa da hannu biyu ya ce, "Wallahi a'a." Yaya kuwa yana gaba yana tafiya, fuska a murtuke, ko waiwaye.

Fushin nasa ya daɗe. Sai dai an yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, mutumin da ya shekara talatin yana wasa da wuta ya kasa tsayawa ɗigon ruwa ya faɗa masa a ido. Da ya ga ya taho sai ya runtse. Maganin ya sauka a kumatu, ya sauka a gashin baki, sau ɗaya ma a kunne. Dole Ungo ta karɓi aikin. Ta ɗaura wa kwalbarsa jan zare, tata kuma shuɗi, don kar a yi musaya, ta riƙa sintiri tsakanin shagonta da rumfarsa. In ta zo ba ya ce mata sannu. Ya zauna a kan benci, ya ɗaga kai, ta ɗiga, ya miƙe. Ita kuma ta yi ta zuba masa surutu kamar rediyo, yana amsawa da hanci. Abin yana yi mata ciwo, amma ta gwammace ya yi mata fushi da ido biyu.

A hankali jan ya ragu, hawayen ya tsaya, likita ta ce ɗan tabo zai saura amma a gefe yake, ba zai tare masa gani ba. Wata safiya Ungo ta zo kamar kullum, ta wanke hannu a bokitinsa, ya zauna ya ɗaga kai. Ta sunkuya a kansa, ɗankwalinta ya ɗan zame baya. Idon ya buɗe tar, babu runtsewa, ya tsaya a kanta.

"Tsaya," in ji shi.

Ta tsaya da kwalbar a hannu. Rabon da ya fara yi mata magana tun ranar nan.

"Mene ne wannan a gaban kanki? Zare ne?"

Ta shafa. "Wane irin zare? Furfura ce, Yaya."

"Furfura? Ke?"

"Ta fi shekara biyar fa. Har jika gare ni, ko ka manta?"

Ya ci gaba da kallonta kamar yau aka kawo masa ita. Ya dubi goshin, ya dubi 'yan layukan da ke gefen idanunta, ya dubi hannun da ke riƙe da haɓarsa, wanda allura ta gama sossokewa.

"Yaushe kika tsufa ban sani ba?" ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ta yi dariya za ta ba shi amsa, sai ta ga idon ya ciko, duka biyun ma, ruwan ya gangaro ta gefe ya nufi kunne.

"Yaya, kuka kake yi?"

"Wane irin kuka? Maganin ne ke da zafi."

"Ai ban ɗiga ba tukuna."